Kuɗi Na Gudu, Ƙara Na Rarrafe: Ina Ɗan Kasuwar Daji Zai Kai Kukansa Idan An Damfare Shi Ta Waya?

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Kasuwar Daji zuwa Ƙauran Namoda, inda ta rabu wata ta nufi Shinkafi wata ta yi Zurmi, ya san cewa a 'yan shekarun nan falke ba ya son tafiya da kuɗi a aljihu. Mai shanu, da mai hatsi, da dillalin gyaɗa da waken suya, kowa ya gane cewa damin kuɗi a cikin mota kiran ajali ne. Saboda haka dukiyar da a da ake ɗaure wa a lalita ta koma cikin waya. A yi ciniki, a tura kuɗi, a ga saƙon shigarsu, a tafa, kowa ya kama gabansa.

Wannan sauyi ya kuɓutar da mutane da yawa daga 'yan fashin hanya. Sai dai ya buɗe wa wani ɓarawon ƙofa, wanda ba ya ɗauke da bindiga kuma ba ya tare hanya. Ana yawan yi wa jama'a nasiha kan yadda za su kare kansu daga gare shi, kuma nasihar tana da amfani. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne abin da ke biyo baya idan mai aukuwa ta riga ta auku: wa mutum zai kira, da wane harshe, cikin minti nawa, kuma me za a yi masa? A nan ne tsarinmu ya fi rauni, kuma a kansa nake so mu yi nazari tare da mai karatu.

Yadda aka tura jama'a cikin kogin

Mutanen arewacin Zamfara ba su shiga harkar kuɗin waya da zaɓinsu kaɗai ba. Rashin tsaro ya ingiza su, sannan sauyin fasalin Naira ya ƙarasa aikin. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, kuma a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a kasuwanni. Wahalar ta kai har gwamnatin Zamfara ta haɗu da ta Kaduna da ta Kogi suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. Kafin hukuncin ya zo, dattijon da bai taɓa taka ƙofar banki ba ya riga ya buɗe asusu a waya, galibi da taimakon ɗansa ko na mai POS ɗin unguwarsu.

Ke nan an shigar da dubban mutane cikin tsarin da ba a koya masu dokokinsa ba, su kuwa 'yan damfara sun daɗe da haddace shi. Dabarunsu sanannu ne. Akwai saƙon shigar kuɗi na bogi da ake nuna wa mai kaya a tsakiyar cinkoson kasuwa, a kwashe buhuna kafin ya duba asusunsa. Akwai mai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusu idan ba a karanto masa lambar BVN da lambar sirrin da aka turo ba. Akwai saƙon tallafin gwamnati ko na taki da ke yawo a WhatsApp, da musayar katin cirar kuɗi da sunan taimako, da satar waya don a yi amfani da layin a kwashe abin da ke banki. Mafi muni a yankin da tsoro ya yi katutu shi ne mai kiran waya ya yi shigar 'yan bindiga, ya nemi a tura masa kuɗi ko a ga abin da ba a so, alhali ko wuƙa ba shi da ita.

Alƙaluman NIBSS, kamfanin da ke haɗa hada-hadar bankunan ƙasar nan, sun nuna cewa asarar da aka yi ta hanyar zamba ta tashi daga kusan Naira biliyan 17.67 a 2023 zuwa biliyan 52.26 a 2024. Wannan lissafin abin da ya shiga littafi ne kawai. Kuɗin mai awakin da aka damfara a Zurmi, ya ce Allah Ya isa ya koma gida, ba ya cikin wannan lissafi.

Ƙofofi da yawa, babu ta shiga

A takarda, Nijeriya ba ta rasa wuraren kai ƙara ba. Akwai Dokar Hana Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. Hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a Sakkwato mai kula da Zamfara, ta kuma ƙaddamar da manhajar Eagle Eye a 2021 don kai rahoto ta waya. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da lambar 622 ta koke kan kamfanonin waya. Tun 2015 Babban Banki ya umarci bankuna su kafa teburin karɓar rahoton zamba mai aiki dare da rana, kuma shi kansa yana da sashen kare masu mu'amala da bankuna, inda ake ɗaukaka koke idan banki bai warware shi ba bayan an ba shi wa'adi.

To amma mu ɗauki misalin mai hatsi a Kasuwar Daji da aka kwashe masa Naira dubu ɗari takwas da la'asar. Kuɗinsa sun bar asusunsa cikin daƙiƙoƙi, domin tsarin tura kuɗi nan take da ƙasar nan ke alfahari da shi haka yake aiki. Cikin rabin sa'a ɓarawon ya raba su zuwa asusu uku ko huɗu, ya cire wasu a wajen mai POS a wani gari, ya sayi katin waya da sauran. Shi kuwa mai hatsi, idan ya kira lambar banki, na'ura ce za ta amsa masa da Ingilishi ta ce ya danna ɗaya ko biyu, katinsa na ƙonewa. Idan ya ce zai je reshen banki, sai gobe, kuma wataƙila sai ya bi hanyar da yake gudu tun farko. Can za a ce ya rubuto takarda, ya kawo rahoton 'yan sanda, wani lokaci da takardar rantsuwa, kuma idan ana maganar dawo da kuɗin da suka shiga wani banki, a ce sai da umarnin kotu. Kafin ya haɗa waɗannan takardu, kuɗin sun zama tarihi.

Ko dokar kanta ta fi duban manya. Sashe na 21 ya wajabta wa masu gudanar da na'urori da hanyoyin sadarwa su sanar da cibiyar ngCERT, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, duk harin da aka kai masu, kuma gyaran 2024 ya rage wa'adin daga kwana 7 zuwa sa'o'i 72. Wannan hanya ce tsakanin kamfani da gwamnati. Talakan da aka cuta bai samu irin wannan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba. An bar shi ya zaɓi ƙofa da kansa, kowace ƙofa kuma tana iya cewa ba nan ba ne.

Duk waɗannan hanyoyi an gina su ne da wani mutum a zuciya: mazaunin birni, mai jin Ingilishi, mai babbar waya da data, mai adireshin imel, wanda reshen banki ke bayan gidansa. Wanda ya rasa biyu ko uku daga cikin waɗannan, tsarin bai san da zamansa ba. Mutanen wannan yanki ma sun ga abin da ya fi haka. Daga 3 ga Satumba, 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar don yaƙi da 'yan bindiga, kuma sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da maido da su gaba ɗaya. Har yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko an kusanci gari ake samun sabis. Tsarin kai ƙara da ya dogara kacokam kan shafin intanet ba zai taɓa isa irin waɗannan wurare ba.

Me ya sa ake yin shiru?

Bayan wahalar hanya, akwai dalilai uku da ke rufe bakin wanda aka cuta. Na farko kunya. Attajirin da ake girmamawa a kasuwa ba ya so a ji cewa yaro ya yi masa wayo ta waya. Matar aure da aka karɓe wa kuɗin adashi, ko budurwar da ake yi wa barazana da hotunanta, sau da yawa ta gwammace ta haɗiye baƙin cikinta da ta tsaya gaban maza a caji ofis tana bayani. Na biyu tsoro. A yankin da ake kashe mutum kan zargin ya kai rahoto, wanda aka yi wa barazana ta waya ba shi da tabbacin cewa maganarsa ba za ta fita ba. Na uku yanke ƙauna. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya yi ta zarya wata uku, ya kashe kuɗin mota da na takardu, bai samu ko sisi ba, ba zai bi sahunsa ba.

Shirun nan yana da tsada. Lambar wayar da aka damfari mutum ɗaya da ita a Shinkafi ita za a kira wani da ita gobe a Ƙaura, kuma asusun da ya karɓi kuɗin sata yau zai sake karɓa jibi. Kowane asusu yana da BVN ko lambar NIN a bayansa, kowane layi an ce an haɗa shi da NIN tun umarnin da aka bayar a Disamba 2020. Ma'ana sawun ɓarawo yana nan, amma babu mai binsa idan ba a yi ihu ba. Ranar da rahoto goma suka taru kan asusu guda, ranar ce asirinsa zai tonu. Rashin kai ƙara yana kuma sa mahukunta a Abuja su ɗauka matsalar ta Legas ce da Fatakwal, su ware ma'aikata da kayan aiki daidai da wannan zato.

Abin da wasu ƙasashe suka gane

Indiya ta fi kama da mu a wannan fage: ƙauyuka masu yawa, harsuna barkatai, da jama'ar da suka shiga kuɗin waya farat ɗaya. A 2021 ta kafa tsarin kai rahoton zambar kuɗi mai lambar waya guda, wadda yanzu ita ce 1930. Wanda aka cuta yana kira, jami'i ya ɗauki bayanin cinikin a taƙaice, saƙo ya tafi kai tsaye ga bankin da kuɗin suka fita da wanda suka shiga. Idan kuɗin na nan a riƙe su, idan sun wuce saƙon ya bi su banki na gaba. Mai ƙara yana samun lambar shaida ta saƙon waya, sannan a ba shi sa'o'i 24 ya cika sauran bayani. Hikimar ita ce an fara da tsayar da kuɗi, takardu suka biyo baya.

A Birtaniya an samar da lambar 159 a 2021, wadda ke haɗa mutum da bankinsa kai tsaye idan ya yi shakkar wani kira. Daga 7 ga Oktoba, 2024 kuma aka wajabta wa bankuna su biya mafi yawan waɗanda aka yaudara suka tura kuɗi da hannunsu, har zuwa fam 85,000, bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba nauyin biyu. Banki da ya san zai yi asara idan ya buɗe wa ɓarawo asusu ba ya jiran a roƙe shi kafin ya ɗaga waya. A Singafo kuwa ma'aikatan bankuna suna zaune a ofis ɗaya da 'yan sandan yaƙi da damfara, don kada a ɓata lokaci wajen aika wasiƙa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare da ya kawar da damfara, kuma a Indiya an yi ta kukan cewa ana rufe asusun mutanen da ba su ji ba ba su gani ba don kawai kuɗin sata sun ratsa ta wajensu. Wannan darasi ne a gare mu, domin mai POS ko dillalin da aka biya da kuɗin sata bai sani ba shi ma yana da haƙƙi. Riƙon ya tsaya kan adadin da ake tuhuma, ya kasance da wa'adi, a kuma bar wa wanda abin ya shafa hanyar kare kansa.

Gyaran da ya dace da mu

Na farko, ƙofa ɗaya. Babban Banki da NCC da 'yan sanda da EFCC su amince da gajeriyar lamba guda, kyauta, mai aiki a ƙaramar waya ko da babu kati, wadda ɗan Adam zai amsa da Hausa ko Fulfulde. Aikin mai amsawa ya tambayi abu huɗu ko biyar: lambar asusu, adadin kuɗi, lokaci, inda suka tafi. Shi ne zai san wace hukuma ce ke da hurumi. Bai kamata a ɗora wa manomi sanin bambancin aikin EFCC da na 'yan sanda ba a daidai lokacin da hankalinsa ya tashi.

Na biyu, a riƙe kuɗi kafin a nemi takarda. Ƙa'ida ta fito fili cewa rahoton farko ya isa a dakatar da adadin da ake tuhuma na ɗan lokaci a kowane banki ko kamfanin kuɗin waya, sannan a ba mai ƙara kwanaki ya kawo shaida, tare da la'akari da nisan hanya da halin tsaro. Wanda ya yi ƙarya don ya cuci abokin cinikinsa a hukunta shi, domin kada maganin ya zama cuta.

Na uku, a yi amfani da mutanen da jama'a suka riga suka sani. A Kasuwar Daji ko Zurmi, mai POS shi ne bankin da talaka ke gani da idonsa, kuma wajensa ake fara rugawa. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay da bankunan da suka baza wakilai su horar da su, su sanya masu maɓallin kai rahoto a na'urarsu, tare da wata hanya dabam ta kai ƙarar wakilin kansa idan shi ne ake zargi. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tireda da na masu dabbobi su ware mutum guda mai ilimi a ranar kasuwa, wanda zai taimaka wajen kira da rubuta bayani. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da ɗaliban kwamfuta da za su iya wannan hidima a matsayin horon sanin makamar aiki.

Na huɗu, shaida da amsa. Duk wanda ya kai ƙara ya samu lamba ta saƙon waya, a kuma sanar da shi inda aka kwana, ko da labarin ba mai daɗi ba ne. Hukumomi su riƙa wallafa alƙaluman jiha-jiha: ƙara nawa aka karɓa daga Zamfara, nawa aka riƙe, nawa aka mayar, mutum nawa aka gurfanar. Ranar da aka ji a kasuwar Shinkafi cewa wane ya kira an dawo masa da kuɗinsa, ba sai an yi talla ba.

Na biyar, sirri. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi hukunci ga masu wasa da bayanan mutane, kuma ya kamata ta yi aiki a kan mai karɓar ƙara kafin kowa. A samar da jami'ai mata da za su saurari mata, a kuma ba da damar kai rahoton barazana ba tare da mutum ya bayyana a caji ofis ba.

Na shida, kamfanonin sada zumunta. Facebook da WhatsApp da TikTok suna da miliyoyin masu amfani da Hausa. Wanda aka ƙwace wa shafi ana roƙon kuɗi da sunansa yana buƙatar hanyar kai koke da Hausa, da ma'aikacin da zai fahimci abin da aka rubuta. Hukumar NITDA, wadda ta fitar da ƙa'idojin aikin waɗannan kamfanoni a 2022, ita ce ta dace ta matsa masu kan wannan.

Gwamnatin jiha ba sai ta jira Abuja ba. Gwamna Dauda Lawal ya kai matsayin babban darakta a First Bank kafin ya shiga siyasa, don haka ya san yadda ake magana da bankuna. Zai iya tara su da kamfanonin kuɗin waya da rundunar 'yan sandan jihar a kafa teburi guda a Gusau, mai wakili a Ƙauran Namoda don ƙananan hukumomin arewa, hukumar fasahar sadarwa ta jihar ta riƙe kundin bayanai, gidajen rediyo kuma su yi ta nanata lambar har yara su haddace.

Kafin a kai can

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannunmu. Kowa ya nemi lambar toshe asusu ta bankinsa tun yau, ya rubuta ta a takarda dabam da waya, domin bankuna da yawa suna ba da damar toshewa daga wayar wani. Idan abu ya faru, a fara kiran banki a cikin mintunan farko, a nemi lambar shaidar koke, sannan a toshe layin idan wayar ce aka sace. Kada a goge saƙo ko lambar da ta kira. A rubuta lokaci da adadi da sunan asusun da ya karɓa. Daga nan a sanar da 'yan sanda, idan banki ya yi biris kuma a ɗaukaka koken zuwa Babban Banki. Sannan a gaya wa abokan sana'a, domin ɓarawon nan yana cin ribar kunyarmu.

Ɗalibai da malamai da ma'aikatan da ke karanta wannan shafi, nauyin ya fi hawa kanmu. Kusan kowannenmu yana da uba ko gwaggo ko maƙwabci da ke riƙe da dukiyarsa a wayar da bai iya karanta saƙonta ba. Zaman minti goma da shi, a nuna masa wa zai kira da abin da zai ce, na iya tsare masa gumin damina guda. Mutanen da suka jure rufe kasuwanni da katse layuka da ƙarancin kuɗi, suka ci gaba da ciyar da birane da hatsi da nama, sun cancanci idan sun yi kuka a ji su da harshensu, kuma a kan lokaci. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya dawo da zaman lafiya Zamfara da ƙasa baki ɗaya.